Sarewar Kawu Mai Batir

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, makiyayi ne a wani ƙauye bayan Paki. Tun da na buɗe ido na san shi da sarewar kara a aljihun riga. Da ya manyanta sai ciwon ƙirji ya kama shi, numfashinsa ya gajarta. Idan ya ɗora sarewar a baki, kafin ya kai tsakiyar busa tari ya sarƙe shi. Daga baya ya soke ta a jikin jinka, ya daina ko kallonta.

A lokacin ina gyaran waya da rediyo a Ikara. Wani abokina da ke koyarwa a Makarfi ya ba ni wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba. Ana jona shi da kwamfuta a rubuta masa umarni, shi kuwa ya bi. Ranar da abokin nan ya sa allon ya yi ƙara, Kawu ne ya faɗo mini a rai.

Na ciro lasifika daga wata matacciyar rediyo, na samo maɓallai da batirin waya, na liƙe wayoyin da dalma. Na huda ƙaramar ƙwarya na sa allon da lasifikar a ciki, na jera maɓallan a bayanta, kamar ramukan sarewa. Na ɗaure ta a bayan babur na nufi ƙauye.

Bayan mun gama gaisawa na ajiye masa ita a kan tabarma. Ya juya ta, ya danna maɓalli ɗaya. Wata ƙara ta tsage kamar ta babbar mota mai ja da baya. Kaji suka watse. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Kawu bai yi dariya ba. Ya sake dannawa, ya saurara.

"Ɗan nan, ka yi ƙoƙari," ya ce. "Amma abar nan ba ta numfashi. Busa a hankali take shigowa, a hankali take fita."

Na koma shago na ƙara mata abin murɗa murya na rediyo, daidai inda babban yatsansa zai zauna, don yatsan ya yi aikin da ƙirjin ya kasa. Na koma ƙauye da ita, da kwamfuta a jaka, domin saura daidaita muryoyin. Na roƙe shi ya rera mini busar da baki, ni kuma in riƙa canza lambobi har su dace. Ya fara, tari ya tare shi. Ya sake, haka. Ya jingina da bango yana haki, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Sai muka ji murya daga bayan zana. Inna ce ke rera busar, ƙasa-ƙasa, tana tsince shinkafa.

"Ke, a ina kika riƙe wannan?" in ji Kawu.

"Malam, ba ita ka riƙa damun gidanmu da ita ba kafin a ba ka ni?"

Haka muka wuni. Ta rera, in gyara lamba, Kawu ya danna ya ce a ɗaga ko a sauke. Wajen la'asar ya haɗa busar daga farko har ƙarshe. Da ya gama ya ce ba sarewa ba ce, amma zai riƙe.

Ya riƙe ɗin kuwa. Yakan tafi da ita kiwo cikin leda, ya kai ta caji wurin mai sola. Da damina ruwa ya shige ta, ta mutu. Bai aiko kowa ba. Da kansa ya hau mota ranar kasuwa ya zo shagona. Ya zauna a benci yana kallon yadda nake busar da allon.

"Tunda ka buɗe cikinta," ya ce, "ƙara mini maɓalli ɗaya a ƙasa. Akwai wata murya da nake nema, karan nan bai taɓa ba ni ita ba."