Abin da Ummu Ra'id Mai Wankan Gawa Ta Ƙi Faɗa

A unguwarmu da ke kudancin birnin Irbid na ƙasar Jordan, idan mace ta rasu, Ummu Ra'id ake fara kira kafin masu haƙa kabari. Sunanta na yanka Nazmiyya, amma in ban da mahaifiyata ban taɓa jin mai kiranta da shi ba. Gajeriya ce kakkaura, gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, tana tafiya tana dafa bango. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Aƙaba tun 'ya'yanta suna ƙanana. Da ɗinki ta rene su, da tsinkar zaitun a gonakin mutane idan lokacinsa ya zo. Wankan gawa kuwa a wurin surukarta ta koya.

Mace ce mai surutu. Za ta ba ki labarin auren kakarki kamar da ita aka yi, ta tsaya ta yi wa mai tumatir tsiya har sai ya ba ta haƙuri. Amma abin da ta gani a ɗakin wanka, ko 'yarta ta cikinta ba ta taɓa jin sa ba. Idan wata mai son jin ƙwaƙwaf ta matsa mata, sai ta ce, "Wadda aka kwantar a gabana ba ta iya jan mayafi ta rufe kanta. Kike so ni in yaye mata?"

Shekarar da ciwon daji ya ci ƙarfin mahaifiyata, Hajiya Sabha, likitan Amman ya ce mu koma da ita gida, abin da ya rage kawai a rage mata zafi. Ni kaɗai ce a kanta. Ga koyarwa a makaranta, ga yarana, ga ɗaga ta da kwantar da ita har bayana ya riƙe. Yayana Mu'utasim ya zo hutu daga Kuwait inda yake aiki, ya ga halin da muke ciki, ya shiga neman gidan da ake jinyar waɗanda asibiti ya sallama. Ya samo wani a kan tudu a bayan gari, fari fat, da lambu a gaba. Sun ce ya kawo ta jibi.

Ranar da yamma Ummu Ra'id ta hawo gaishe da ƙawarta. Mu'utasim ya miƙa mata waya yana nuna mata hotunan wurin, ga labule, ga gado mai ɗagawa da kansa. Ta kalli hoto na farko, ta mayar masa da wayar. Shayinta ma ba ta ƙarasa ba. Da na raka ta, muna kan matakala ta damƙi hannuna.

"Rudaina, kada ku kai ta gidan nan."

"Saboda me, Inna?"

"Na ce kada ku kai ta."

Ashe Mu'utasim yana bakin ƙofa. Ya sauko da sauri. "Inna, wani abu kika ji a kansu?"

"Ba na aiki da ji."

"To gani kika yi ke nan. Kin wanke wata daga can?"

Ta kawar da kai.

"Inna, don girman Allah. Tun safe Umma take ihu, ke ma kin ji ta. Rudaina ta kusa kwanciya ita ma. Na zagaya garin nan kaf kafin in sami wurin da zai karɓe ta, sai ki zo ki ce kada, babu dalili? In akwai magana ki faɗa. In babu, jibi zan sa ta a mota."

"Kai, Mu'utasim, ni na goya ka ranar da uwarka ta tafi haihuwar wannan. Rage murya."

"Na rage. Ki faɗa."

Ta kalli ƙasa. Ban taɓa ganin magana ta maƙale mata haka ba. Can ta ce, "Matattu ba zan buɗe su ba, ko za ka yanka ni. Amma akwai masu rai a gidan, kai kuma Allah ya ba ka ido. Gobe ka ɗauke ni mu je. Kada ka yi musu waya."

Washegari muka isa ana gab da azahar. Shugaban gidan, wani mai ladabi da ake kira Abu Lais, ya tarbe mu da gahawa, ya kai mu wani ɗaki a ƙasa. Babu kowa a ciki, sai ƙamshi, an ja zanin gado sumul. Mu'utasim ya kalle ni, irin kallon nan na kin gani ko. Ummu Ra'id ba ta ko leƙa ba. Ta ce, "Ɗana, marasa lafiyar suna ina?"

"Suna sama, Hajiya, suna hutawa. Ba ma son a dame su. Ziyara sai bayan la'asar."

"To madalla. Ina zan yi alwala?"

Ya nuna mata ƙarshen baranda, ya ja Mu'utasim ofis. Na bi ta don in riƙe mata jaka. Ta wuce banɗakin ko waiwaye babu, ta kama ƙarfen matakala ta fara hawa, tana nishi.

"Inna, za su kama mu."

"Sata muka zo yi? Riƙe ni."

Tun kafin mu ƙarasa hawa warin ya tarbe mu, zarnin fitsari da aka danne da turare. Talabijin yana ta ƙara a baranda babu mai kallo. An jera farantan shinkafa da madara a kan wani keke, sun huce har sun yi fata. Daga wani ɗaki muka ji murya siririya tana cewa, "'Yar nan. 'Yar nan." Ba da ƙarfi ba, kamar wadda ta daɗe tana kira har ta daina sa rai.

Ummu Ra'id ta tura ƙofar ta yi sallama. Tsohuwa ce, ta rame har kamar babu mutum a ƙarƙashin bargon. Kofin ruwa yana kan tebur, nesa da inda hannunta zai kai. Ko da yana kusa ma ba za ta iya ɗauka ba, don an ɗaure wuyan hannunta na dama da bandeji a jikin ƙarfen gado, fatar wurin ta yi ja ta kumbura. Ummu Ra'id ta tallafi kanta ta ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, sannan ta sunkuya ta ce, "Hajiya, kin yarda in gyara miki kwanciya?"

Tsohuwar ta ɗaga kai. Muka juya ta a hankali, ta yi wata ƙara da har yau nake jin ta. Zanin ya jiƙe ya manne. A ƙasan bayanta akwai gyambon kwanciya, faɗinsa ya kai tafin hannuna, tsakiyarsa baƙi. Na toshe bakina da mayafi.

"Su wane ne ku? Wa ya ba ku izini?"

Wata ma'aikaciyar jinya ce a bakin ƙofa, yarinya ce ba ta kai ni ba, hannunta ɗauke da zannuwa masu datti, idanunta jawur. Ummu Ra'id ba ta saki tsohuwar ba. Ta ce, "Yaya sunanki, 'yata?"

"Ahlam. Ku fita, don Allah, za ku ja mini."

"Ahlam, wa ya ɗaure ta?"

"Ni ce." Muryarta ta karye. "Tana fizge allurar ƙarin ruwa, ta taɓa faɗowa daga gado. Ni kaɗai ce a benen nan tun safe, Hajiya. Ina wanke wannan, waccan tana kira. In ban ɗaure ta ba, wa zai tsaya a kanta? Na faɗa musu, na sake faɗa."

"To ajiye waɗannan. Kawo ruwan ɗumi da zani mai tsabta, ni zan riƙe miki ita."

Ba ta kai ga motsawa ba muka ji takun takalma a matakala. Abu Lais ne, Mu'utasim yana biye. Ladabin nan duk ya tafi. Ya ce mun keta haddin marar lafiya, in ba mu sauka yanzu ba zai kira 'yan sanda, har ya zaro waya. Sai ya tsaya yana ƙare wa Ummu Ra'id kallo.

"Dakata. Ba ke ce mai wankan da iyalai suke kawowa ba? Ashe haka kike! A ba ki amanar gawa ki fita kina tallar abin da kika gani. Wallahi sai limaminku ya ji wannan."

Na ga maganar ta shige ta. Fuskarta ta yi fari. Amma hannunta yana nan a kafaɗar tsohuwar. Ta ce, "Ban faɗa wa kowa komai ba, Allah ne shaidata. Wannan kuma da ranta, ita ta ce in juya ta. Kira duk wanda za ka kira. Ba zan sauka ba sai an canza mata zani."

Mu'utasim ya matso ya leƙa ta kafaɗar mutumin. Kallo ɗaya ya yi ya juya baya, don tsohuwar ba a rufe take ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya tare ta da jikinsa, ya ce, "Kira su, Abu Lais. Ni ma ina son su zo su hawo nan."

Wayar ta daɗe a hannun mutumin. Bai kira ba. Ahlam ta kawo ruwa, aka wanke tsohuwar, aka sa magani, aka kwance hannun.

Muka shiga mota muka gangaro cikin gari. Sannan Mu'utasim ya bugi sitiyari ya ce, "To ina zan kai ta, Inna? Ina?"

"Gidan da zan ce maka ka kai ta ka yi barci, ban san shi ba," in ji ta. "Amma alheri ya halatta in faɗa. Akwai wasu mata na wata ƙungiya da suke bin gida-gida. Waɗanda suka yi jinya, idan sun zo hannuna, fatarsu lafiya, an yanke farce, an taje kai. Iyakar abin da na sani ke nan."

Da shugabarsu, Sista Wi'am, ta zo gidanmu, Mu'utasim bai bari ta sha gahawa cikin kwanciyar hankali ba. Idan zafi ya taso wa zai ɗaga waya? Allurar tana hannun wa? Mutum nawa kowace take dubawa? Kuna ɗaure marar lafiya? Matar ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi masa daɗin baki ba. Ta ce za su riƙa zuwa, za su kawo maganin zafi, za su amsa waya, amma ba za su zauna ba. Juyawa da wankewa da ba da ruwa, yawancinsa a kanmu yake.

"Za ka iya ɗaga mahaifiyarka?" ta tambaye shi.

"Ki koya mini."

Ya nemi ƙarin hutu, aka hana shi, ya zauna duk da haka. Ba a ce abin ya zo da sauƙi ba. Akwai ranar da zafi ya taso, motarsu ta maƙale a cunkoso, Umma tana kiran sunan mahaifiyarta, ni da shi muna yi wa juna ihu. Amma sun iso. Umma ta rasu a ɗakinta lokacin tsinkar zaitun, kanta a kan cinyar Mu'utasim.

Ya kai ƙarar farin gidan ga hukuma. Na ji an je an duba, an ce sun ƙara ma'aikata. Ban koma na gani ba. Abu Lais bai je wurin liman ba, amma labarin ya zaga unguwa, kowa da yadda yake ba da shi.

Bayan an share makoki, ina zaune a gidan Ummu Ra'id muna naɗe shinkafa a ganyen inabi don girki, sai ga Intisar, matar mai gidan burodin bakin titi. A farin gidan mahaifiyarta ta rasu bara, kuma Ummu Ra'id ce ta wanke ta. Ba ta zauna ba.

"Inna, an ce kin san abin da ake yi a gidan nan tun kafin ki je. A jikin wa kika gani?"

"Zauna ki sha shayi, Intisar."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Kullum bayan la'asar nake zuwa, in same ta a rufe har wuya, su ce sanyi take ji. Ranar wanka kika ce in tsaya wajen kanta in riƙa zuba ruwa. Ke kika juya ta. Me kika gani?"

"Na wanke ta da magarya, na sa mata kafur. Fuskarta ta yi kyau, ke ma kin gani."

"Bayanta fa? Hannunta fa?"

Ummu Ra'id ta sunkuyar da kai a kan tiren ganyen. Da ta ce babu komai, da matar ta tafi da sanyin zuciya, amma ba ta iya ƙarya. Da ta faɗa, ta karya abin da ta riƙe tun tana matashiya. Ta yi shiru, shirun ya yi tsawo, har Intisar ta dafa bango.

"Ni na kai ta," in ji Intisar a hankali. "Da hannuna. Kuma kin sani, kika bar ni ina gode musu a gaban mutane."

Ta fita ba ta rufe ƙofa ba. Ummu Ra'id ta ci gaba da naɗe ganyen, hawaye yana ɗiga a kan hannunta, ba ta share ba.

Har yanzu ita ake kira idan an yi rasuwa, ko da yake sai an kawo mota an ɗauke ta. Intisar ba ta ƙara yi mata magana ba. Duk safiya Ummu Ra'id takan bi ta gaban gidan burodin, ta tsaya ta ce, "Ina kwana, 'yata." Wani lokaci mijin ne yake amsawa daga ciki.