Inuwar Ladan Ɗantani

Ɗantani ladanin Ɗansoshiya ne, a ƙasar Kiru, kuma bai taɓa riƙe agogo ba. In rana ta take tsaka sai ya tsaya a harabar masallaci ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, domin kowane watan rana da tsawon inuwar da ke nuna azahar ta yi: da sanyi ta miƙe, da bazara ta shige ƙarƙashin mutum. Watannin nan a ka yake riƙe da su, yadda ubansa ya biya masa. Azumi da Salla kuwa na ganin wata ne, bai taɓa musun wannan ba.

A 1954 Habu ɗan liman ya dawo daga karatu a birni, da agogon aljihu da kaifin baki. A masallaci, gaban liman da dattawa, ya ce ya ji wasu Yahudawa na can da, da rana suke lissafa watanninsu don kada idinsu ya gusa daga ranarsa, saboda haka Ɗantani koyi da su yake yi.

Abin haushin ba maganar yaron ba ce. Dattawan da Ɗantani ya yi shekara da shekaru yana tashinsu da asuba, su ne suka sunkuyar da kai suna wasa da carbi.

"Allah gafarta Malam," Ɗantani ya ce wa liman, "sallar da ka ja mu duk shekarun nan, da kiran Bayahude ka ja ta?"

Liman ya ce a yi haƙuri, zamani ne.

Nan take Ɗantani ya rantse ba zai ƙara kiran salla ba sai an zo har gida an wanke shi. Ya ɗauka ba za a kwana biyu ba. Washegari wani ya kira da agogo, gari ya taru ya yi sallarsa hankali kwance. Marasa kunyar nan ko leƙo shi ba su yi ba.

Ya koma yin azahar shi kaɗai a tsakar gida, zuciya na cin sa. Da ya makance, matarsa Turai ce ke fito da shi rana ta tsayar. In kira ya taso daga masallaci sai ya ɗaga kai.

"Sun yi gaggawa ko, Turai?"

Ita ba ta taɓa sanin lissafin ba. Sai ta dubi ƙasa ta ce, "Sun yi, Malam."