Bindigar da Tsatsa ta Ɗaure

Duk ranar Litinin, a shagon da nake aiki a Al Ras, can ƙasar Larabawa, nakan baje bindigogi a kan tebur. Babu ta gaske ko ɗaya a cikinsu. Na haya ne, masu biki da masu shirya fim suke ɗauka su dawo da su duƙun-duƙun. Nakan kwance su, in wanke harsasan tagulla da buroshi har baƙin hayaƙin ya fita, in shanya su, sannan in ɗiga mai kaɗan, don idan ya yi yawa ƙura yake tarawa. Amma kafin hannuna ya taɓa kwalbar mai, sai na zura tsinken ƙarfe a bakin kowace bindiga na auna zurfinta. Abokan aikina sun yi mini dariya har sun gaji, wai Garba yana tsoron roba. Ku yi ta yi, ni dai na san ba ku zauna a gaban Kakata ba.

A ƙauyenmu, can bayan Ningi, da an idar da sallar isha'i muke kewaye murhunta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Tsohuwa ce mai ban dariya. Duk jikokinta maza mazajenta ne, tana yi musu gorin cefane. Ni kaɗai take kira Yaya, kuma abin yana ƙona mini rai, don ni ma ina son a ce mini miji. Tatsuniyoyinta kuwa har sai cikinmu ya ƙulle don dariya. Guda ɗaya ce kawai idan za ta ba da ita takan janye itace daga wuta, ta ce, "Ku matso. Ga wata nan, amma ban da dariya."

Wai an yi wani maharbi da ya rasu ya bar adakarsa rataye a zaure. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, tsatsa ta ci kunamar har ƙato ma ba ya iya jan ta. Kowa ya ce ai bindiga ta bi mai ita. Yaran gidan suka mayar da ita abin wasan farauta. Akwai wata 'yar yarinya mai son yayanta kamar ranta. Ta ga yana fama da kunamar yana ɓata rai, sai ta ɗebo man kaɗanya a ɗakin uwarsu, ta zauna ta shafe ƙarfen nan tsaf, tana murzawa da tsumma har ya yi sheƙi. Da yayan ya dawo daga rafi ta miƙe da murna za ta nuna masa gwaninta. Ta ja, kunama ta tafi sumul.

A nan sai Kaka ta ce ashe maharbin ya yi ɗuri kafin ciwon ajali ya kwantar da shi, albarushin yana ciki yana jira. "Tsatsar ce ta ɗaure mata baki," in ji ta, "mai ya kwance." Daga nan ta ɗauki kara ta nuna mana yadda maharba suke yi: a zura sanda a ciki, a dafe da babban yatsa, a zaro a gwada da tsawon bututun daga waje. Idan sandar ba ta kai ƙarshe ba, akwai abu a ciki. Wannan tatsuniya ba ta taɓa rufe ta ba, ba ta kuma taɓa gaya mana abin da ya sami yayan ba. Sai dai ta ce a tashi a kwanta. Ranar ko fitsari ba na iya fita ni kaɗai.

Bara, wani dattijo Balarabe ya zo daga garin Hatta da ɗansa, saurayin da ake shirin yi wa aure. Sun naɗo wata doguwar bindiga a bargo. Dattijon ya ce tun yana yaro take rataye a falon mahaifinsa, ta ado ce kawai, yana so a goge ta ango ya yi rawa da ita. Na kawo masa kujera ya zauna, na shimfiɗa ta a tebur. Na zura tsinkena kamar kullum, na dafe, na zaro na gwada. Bai kai ba. Na sake, bai kai ba. Na sansana bakin tsinken, wallahi sai ga warin albarushi.

Ina ɗaga kai, ashe angon ya ɗauki feshin mai don ya taya ni. Ya riga ya fesa wa kunamar, yana jijjiga ta da yatsa yana cewa yalla, wato maza, ta kusa sakewa. Bakin bindigar kuwa yana kallon ƙirjin mahaifinsa. Larabci ya gudu daga kaina, Turanci ya gudu. Da Hausa na ce masa ya sake ta, na damƙe wuyan hannunsa, na ture bututun ya fuskanci bango. Ya fusata, dattijon ma ya miƙe, ga baƙon ma'aikaci ya kama hannun ɗansa. A raina na ce bizata ta tafi, khalas, shi ke nan. Na sake gwada tsinken a gabansu. Dattijon ya daɗe yana kallon ratar da tsinken ya bari, sannan ya koma ya zauna a hankali. Mai shago ya kira hukuma suka tafi da ita. Daga baya ango ya dawo ya gaya mini an zaro albarushi da harsashin dalma a ciki, a bushe ƙayau.

Da na tashi aiki na kira Inna, mahaifiyata, na ba ta labari, na ce tatsuniyar Kaka ta yi mini rana.

"Wace tatsuniya?" ta ce. "Ai ita ce yarinyar. A zauren yayan nata ya cika, kansa a cinyarta. Sunansa Abubakar, shi aka mayar maka."

Na zauna a bakin ruwa, jiragen kaya suna ta wucewa, na kasa tashi. Duk shekarun nan ina ganin tsoratar da mu take yi don mu yi hankali. Ashe tsohuwar nan zama take a gaban wuta tana kallon fuskata, tana kirana Yaya, tana koya mini abin da ba wanda ya koya mata.