Ranar da Almu Ya Durƙusa wa Likita

Duk wanda ya saba shiga Kantin Kwari ya san Almu ɗan dako, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan da ke ɗora dilar atamfa a ka yana ratsa layi, yana "hanya, hanya" kamar shi ya shimfiɗa ta. Ƙarfi ne jarinsa, kuma taƙamarsa da shi har ta yi yawa.

A Titin Ibrahim Taiwo motar wani kamfani ta kwashe shi. Ya daɗe a asibiti, ya fito da ƙarfe a gwiwa da sandar dogarawa. Dako dai ya ƙare, ga iyali a Rijiyar Lemo suna jiran cefane.

Kamfanin inshorar motar ya ce babu diyya sai nasa likitan ya auna nakasar. Adaeze, wata lauya 'yar Sabon Gari wadda Almu ya yi shekara da shekaru yana yi wa mahaifinta dako, ita ta tsaya masa. Ta ja masa kunne.

"Baba Almu, ka nuna ƙafar nan yadda take. Ban da jarumta."

Ya ce to. Ranar gwajin kuwa ya saka shaddarsa ta Sallah, ya kafa hula. Da ya isa ƙofar ofis ya tuɓe takalmi, ya jingine sandar a gefensu, wai ba a shiga gaban babban mutum da sanda. Ya cije haƙori ya taka, ya durƙusa har ƙasa ya kwashi gaisuwa.

Likitan, Dakta Hamzat, ya ce, "Ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Ana iya tafiya ke nan?"

"Ana taɓawa, ranka ya daɗe."

Abin da ke ƙona min rai shi ne Dakta Hamzat ba baƙo ba ne. Haifaffen Fagge ne. Ya san mutumin garin nan ko yana gargara haka zai amsa. Ya ga gumi na tsatstsafo wa Almu, ya ga da bango ya dafa kafin ya miƙe. Amma bai ko taɓa gwiwar ba. Ya rubuta cewa majinyaci yana tafiya ba sanda, yana durƙuso da kansa, zai iya komawa bakin aiki. Ilimi ya yi rana.

Abin da aka ba Almu ko kuɗin magani bai rufe ba. Adaeze ta nemi a sake gwaji, kamfani ya ce likita da idonsa ya gani. Ta dubi Almu kamar ta yi kuka don haushi, shi kuwa yana ta ba ta haƙuri, har yana cewa ai likitan mutumin kirki ne, ya amsa gaisuwa da fara'a.

Yanzu yana zaune a ƙofar wani shago a Kwari, yana gadin baron 'yan dako. Ana gab da Sallah Dakta Hamzat ya zo sayen shadda, ya kusa tuntuɓe da sandar. Bai gane shi ba. Ya dubi miƙaƙƙiyar ƙafar, ya girgiza kai, ya zaro canji.

"Ga sadaka, bawan Allah. Wannan ƙafa ai ta tafi ke nan."

Almu ya karɓa da hannu biyu. Ya yunƙura zai durƙusa ya yi godiya, gwiwar ta ƙi.