Ranar da Muka Zuga Kududdufi

Wata safiyar Juma'a a 1957, shekarar da Gwalkwas ta koma Gana, Mma ta aike ni bayan gida in ɗebo itacen dama koko, sai na tarar da kifin Baba duk sun taso saman ruwa, baki a buɗe kamar masu hamma. Kududdufin sabo ne, ramin da aka haƙi jar ƙasar ginin ɗakin yayana ne ruwan sama ya cika, Baba kuma ya ɗauko karfasa a garwa tun daga tafkin Bosomtwe ya zuba. Ba don miya ba. Su ke cinye tsutsar sauro, kuma duba-gari, wanda mu 'yan Zango muke kira tankas, ya riga ya ce ranar da ya ga tsutsa, sammaci ne, a kuma cike ramin.

Ni da ko aji biyu ban ƙare ba, na ruga na sanar da gida cewa kifi na zikiri. Baba ya so ya yarda, don a ganinsa ruwan da Allah ya zubo ba ya bukatar gyaran ɗan Adam. Amma maƙwabcinmu Kawu Salifu, maƙeri ɗan ƙasar Moshi, ya tsoma doguwar gora har gindi, ya shinshina baƙin taɓon da ya biyo ta, ya ce, "Malam, saman yana numfashi, ƙasan ya mutu." Mma ta ce tunda take ba ta taɓa jin an yi wa ruwa fifita ba. Ana cikin ja-in-ja kifi guda ya kife, ciki a sama. Nan musu ya ƙare.

Kawu ya huda gaɓoɓin gorar da ƙarfe mai zafi, ya ɗaura mata zugazuginsa na fatar akuya, ya danne bakin da dutse a ƙasan ruwa, ya ce in zuga. Na zuga iya ƙarfina, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya turnuƙe unguwa, na sha ranƙwashi wajen Kawu. "Sannu-sannu, ɗan nema, ba gatari muke ƙerawa ba." Da na sassauta, sai ga kumfa na tasowa a jere, fari tas, yana fashewa a hasken rana. Wajen hantsi kifin suka fara rufe baki suna nutsewa, ɗaya bayan ɗaya, har ruwan ya zama ba kowa. Ban taɓa ganin an yi murnar ɓacewar abu ba sai ranar. Baba ya cire hula, yana ta tasbihi a hankali.

Zugar nan ta zama aikina duk safiyar da gari ya kwana da zafi, kuma tankas ya yi ta tsoma ludayinsa bai samu komai ba.

Yanzu jikana a unguwar Krofrom yana da tafkin siminti da inji mai hura iska da lantarki dare da rana, ba wanda ke ko leƙawa. Ni in na je, har yau tsugunawa nake.