Ranar da Kaka ta tafi duba rijiyarsu

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a Madina, ban da ranar da Kaka ta ɓace.

Ana gobe abin zai faru, muna kallon wani shiri a talabijin ina fassara mata daga Larabci. Labarin wani ƙauye ne a Jamus wanda mutanensa suka watse ɗaruruwan shekaru da suka wuce, garin da ke kusa ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye gonakinsa. Sunansa kaɗai ya rage a kan wani titi. Kaka ta tambaye ni ko an bar musu rijiyarsu. Na ce ba a faɗa ba.

Washegari na dawo daga makaranta na tarar da gida a hargitse. Kaka ta fita tun hantsi ba ta sha maganin sukarinta ba, ga rana, ga mantuwa da ta fara kama ta. Baba ya zagaye Harami, Kawu ya duba mustashfa, wato asibiti, Umma tana ta kiran dangi a unguwar Al-Sih. Kowa ya ɗauka masallaci ta nufa.

Ni kuwa na ga carbinta a kan darduma, kuma ba ta zuwa Harami babu shi. Abin da ban gani ba shi ne tsohuwar moɗarta ta ƙarfe, wadda ta taho da ita daga ƙauyen da ta tashi, cikin gonakin dabino bayan unguwar Ƙurban. A lokacin ba na iya buɗe baki gaban manya. Na yi ta murza gefen mayafina har Baba ya ɗauki waya zai kira shurɗa, wato 'yan sanda, sannan na ce, "Baba, moɗarta ba ta nan."

Ya ce ai ƙauyen nan ya zama benaye tuntuni. Bai gama faɗa ba ya ɗauki makullin mota.

Mun sha yawo kafin mu hango ta a wajen ajiye motoci, zaune kan wani murfin siminti mai zagaye, leɓɓanta sun bushe, moɗar a cinyarta.

"Kin gani," ta ce da ni, "tamu sun rufe ta, amma tana nan."

Ta ƙi karɓar ruwan gora sai da Baba ya zuba mata a moɗar.

Tun ranar na koyi cewa idan tsoho ya yi tambaya irin ta Kaka, ba amsa yake jira ba. So yake a zauna a tambaye shi tasa rijiyar.