Transistan da Na Shanya a Rana

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina gyaran rediyo a wani ɗan shago a Badariya, abokina mai kaɗa gita ya zo mini da rigima. Wata ƙungiyar makaɗa ta ce za ta gwada shi a wani biki a Argungu, in ya burge su ɗauke shi. Shekara biyu yana neman wannan dama. Yana son in haɗa masa fedar da ake takawa gita ta riƙa kuka "wa-wa" kamar goge.

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ban taɓa yi ba fa, amma bakina ya riga ni.

Na samo fedar tsohon keken ɗinki na lantarki na yi akwati da ita. Inda muka saɓa shi ne transista, ɗan abin nan mai ƙafa uku da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Ya gani a waya Turawa na yabon tsofaffin transista na jamaniyam masu hular ƙarfe, wai sun fi zaƙin murya. Ni kuwa na san halinsu a tsofaffin rediyo: da sun ji zafi sai su rikice. Na ce mu sa na zamani, baƙaƙen nan na silikon. Ya ce, "Kai dai rediyo ka sani, kiɗi ba naka na ba." Wallahi maganar ta yi mini ciwo.

Na je gida na zuba iri biyun a faranti, na ajiye a rana kusa da kuɓewar da mahaifiyata ta shanya. Ta leƙo ta ce, "Wanga wane irin ƙwaro na kaka shanya min a faranti?" Da azahar na auna su da mita. Tsofaffin duk sun kauce, silikon kuwa ko gezau.

Na san ba zai saurare ni ba. Sai na haɗa allon wayoyi biyu a cikin akwatin, ɗaya da nasa, ɗaya da nawa, na ɓoye ɗan makunnin da ke sauya su a ƙasa. Muka gwada nasa da safe a ƙarƙashin fanka, ya yi daɗi ƙwarai, har yana mini gwalo.

Ranar biki, da la'asar sakaliya, rumfa ba ta kai inda ya tsaya ba, fedar na zaune a kan siminti mai zafi. Waƙa ta biyu gitar ta fara kukan kwaɗo. Na ga shugaban ƙungiyar ya juyo ya harare shi, abokina kuwa gumi ya jiƙa masa riga. Na kutsa cikin mutane da babbar rigata, na durƙusa kamar mai gyara wayar gita, na danna makunnin.

Kai! Gitar ta buɗe murya tar. Mata suka ɗauki guɗa, wani dattijo ya taso yana tambaya ina mai gogen yake. Kafin a tashi shugaban ya dafa kafaɗarsa ya ce ya zama nasu.

A mota yana ta cika baki: "Ban gaya maka ba? Tsofaffin nan su a maganin abin!" Na daure, na daure, muna kaiwa Ambursa na kasa. Na juya akwatin na nuna masa makunnin, na gaya masa komai. Ya karɓi akwatin yana ta juya shi har Gwadangaji. Da za mu sauka ya miƙo mini fedar ya ce, "Malam, cire nawa."

Tun muna yara bai taɓa kira na Malam ba sai ranar.

Har yau ba na sa wani abu a na'urar mutum sai na gwada shi a ranar garinmu, don a nan za a yi aiki da shi. Kuma ba zan ɓoye ba, ina alfahari da aikin nan. Tsofaffin transistan guda biyu suna nan a gwangwanin madara a shagona. Duk ranar da ya zo zai fara mini gardama, gwangwanin kawai nake girgizawa, sai ya nemi wuri ya zauna.